Darasin gareji: warin fetur, fitilar cek injin da gwangwanin gawayi

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallo, barkanmu da war haka daga nan Sakkwato. Yau a kan tururin fetur za mu tsaya. Kai yaro, matso da wayar kusa da tankin Corollar ga, su ga abin da nike nunawa.

Fetur ko a cikin tanki yake, ba ya zama shiru, tururi yake fitarwa. Balle garinmu, inda a watan Afrilu zafi ke wuce digiri 40. Motocin da ake shigo mana da su daga Amurka, tun daga ƙirar 1996 da aka wajabta tsarin OBD2, wato tsarin da mota ke binciken kanta ta nuna matsala, kwamfutar motar tana sa ido a kan tururin nan. Ba a barin shi ya fita iska. Tiyo ne ke ɗauko shi daga tanki ya kai shi wanga baƙin akwati da muke ce wa kanista, cikinsa cike da gawayi. Gawayin ya riƙe shi, sai injin ya yi zafi kwamfuta ta buɗe hanya, injin ya zuƙe ya ƙone. Man da ka saya ne da kuɗinka, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 kowa ya san darajar lita guda.

Bawul biyu ke tsaron hanyar, kuma halinsu ya saɓa. Na gaba, wanda ke cikin bonet kusa da manifol, wato bututun da ke kai iska cikin injin, shi ne bawul ɗin faj, mai buɗe wa tururin hanya zuwa injin. In babu wuta a jikinsa, a rufe yake. Na baya, wanda ke jikin kanista, shi ne na shan iska, kuma a yawancin motoci in babu wuta a buɗe yake. Wanda ya riƙe wannan, rabin aikin ya ƙare masa.

Mai mota ya zo da fitilar cek injin a kunne, ka jona sikana, na'urar da ke karanto lambar matsala daga kwamfutar mota. In ka ga P0455, yoyo ne babba. P0442 ƙarami, P0456 kuwa ƙanƙani ne ƙwarai, ramin da bai wuce rabin milimita ba ma yana iya jawo shi. P0441 yana nuna tafiyar tururin ta bawul ɗin faj ba daidai take ba, P0446 kuma ɓangaren bawul ɗin baya ne. Amma don Allah 'yan uwana makanikai, lamba unguwa take nuna maka, ba ta nuna gida. Kar ka ga lamba ka tura mutum sayen kaya.

Fara da murfin tanki. Kwance shi, juya shi. Kun ga wanga zoben roba? Duba yadda rana ta busar da shi, ya tsattsage kamar kaushin dunduniya. Sa yatsa ka shafa bakin tankin, in akwai tsatsa ko ƙasa ka goge. Sau da yawa yaron gidan mai ne bai murɗa murfin har ya yi ƙas-ƙas ba. In za ka canza, nemi na asali, don murfin jabu yakan dawo da fitilar cikin kwanaki.

Sai bawul ɗin faj. Ta da mota, bar ta a silo. Zare soket ɗinsa, sannan ka cire tiyon da ya taho daga baya, ka ɗora yatsa a bakin bawul ɗin. Yaro, nuna nan. In ka ji yana tsotson yatsanka alhali babu wuta, ya maƙale a buɗe, ya tashi aiki. Irin wagga mota ce mai ita zai ce maka lafiya lau take, amma da ya sha mai a gidan mai sai ta ƙi tashi, sai ya yi ta ba ta wuta yana taka totur. Tururi ne ya cika manifol. Silonta ma yakan yi rawa, wasu su yi ta canza fulogi a banza. In bai tsotsa ba, ciro shi ka ba shi wuta bolt 12 daga batir, nesa da mota, ka saurari ƙarar buɗewarsa.

Yanzu mu koma baya, nan ne matsalar tamu ta gida take. Bawul ɗin shan iska a ƙarƙashin mota yake, kusa da tayar baya. Motar da ke bin hanyar ƙauyukan Illela ko Wurno a lokacin hunturu, ƙura take sha har matatarsa ta toshe. Alamarsa ba ta ɓuya: ana zuba mai, bakin famfo yana ta katsewa alhali tankin bai kai rabi ba, domin iskar ciki ta rasa mafita. Ciro shi, kakkaɓe matatar, gwada shi da wuta.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɗabi'ar cika tanki har wuya. Famfo ya tsaya da kansa, sai direba ya ce a ƙara, har a riƙa jijjiga mota. Wannan ƙarin yana gangarawa cikin kanista. Gawayin don tururi aka yi shi, in ruwan fetur ya jiƙa shi sai ya rududduge, ɓarɓashinsa ya bi tiyo ya je ya danne bawul ɗin faj a buɗe. Ka sa sabon bawul, ya sake mutuwa. Saboda haka in ka cire tiyo ka ga baƙin tsaki yana zubowa a tafin hannunka, ko ka ɗaga kanista ka ji ya yi nauyi yana ɗigar mai, shi ma sai an canza, a kuma wanke layin. Masu yanke tiyon su bar shi a buɗe, ko rewayan da ke kashe ƙwan fitilar, ku ji tsoron Allah. Iyalin mutum ne ke shaƙar warin nan, kuma ran da babbar matsala ta taso babu fitilar da za ta gaya masa.

In duk waɗannan lafiya suke, sai na'urar hayaƙi. Rufe bawul ɗin baya da sikana, tura hayaƙin a hankali, ka bi tiyo da tocila, ka duba wuyan tanki da zoben saman famfon mai. Kar ka kuskura ka hura iskar kwamfireso cikin tanki, za ta lalata sansar da ke auna matsin cikin tanki. Ba taba, ba walda a kusa.

Ka gama, ka goge lambar, ka gaya wa mai mota ya bar man tsakanin kwata da kashi uku cikin huɗu na 'yan kwanaki, don kwamfuta ba ta yin gwajin in tanki ya cika maƙil ko ya kusa ƙarewa. Masu Toyota kuma, in kun ji wata ƙara a ƙarƙashin mota kamar awa 5 bayan kun kashe ta, ƙaramin famfon gwajin yoyo ne ke aikinsa, ba sai kun kira mu da dare ba.