Sunana ne a waƙar, amma ban san inda yake kwana ba

Hajiya: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Maradi. Ga Kawu, ga Auta. In kun ji gurnanin inji ku yi haƙuri, an ɗauke wuta. Auta, me ya ɓata miki rai tun da kika shigo?

Auta: Hajiya, saƙon murya ne wata baiwar Allah ta turo ta WhatsApp. Ta ce mu ba da labarin, mu sakaya sunanta da na mijin, don mawaƙi ne da in na faɗa, ko yaron goye ya san shi. Tana da shekara 19 suka haɗu, a bikin ƙawarta a Sabon Gari. Shi aka ɗauko wasa. Ko wata ba a yi ba sai ga sabuwar waƙa da sunanta a amshi. Ta ce in ta fita sayen ƙosai yara su bi ta suna rerawa, ƴan kabu-kabu su ƙi karɓar kuɗinta.

Hajiya: Kawu, dariyar me kake?

Kawu: Hajiya, shekara bakwai na yi ina kaɗa fiyano a bayan mawaƙa, tsakanin nan da Kano. Wannan gurbin na amshi, gurbi ne kamar na maɓalli a riga. Ana ɗaukar waƙa sau ɗaya, a bar wurin suna. Ango ya biya, a saka sunan amaryarsa, gobe wani ya biya, a cire a saka wani. Da hannuna na yi.

Auta: To ai nan ne zuciyarta ta karye, amma bari mu iso. Babanta da farko cewa ya yi a'a.

Hajiya: Dole. Mu da muka taso, makaɗi ko maroƙi bai cika samun ɗiyar wani gida ba, a junansu suke aure. Ba na cewa daidai ne, akwai makaɗan da suka fi wasu attajirai riƙon iyali. Amma abin da nake son ji, an yi bincike?

Auta: Ina! Motoci biyar suka zo gaisuwar iyaye, da manyan mutane, da huhun goro. Ranar kawo baliz unguwa ta cika. Kawunta ya ce mutumin da duniya ta sani, me za a bincika?

Hajiya: Nan aka yi ɓarin. Muryarsa aka sani. In talaka ya zo neman aure, har wurin mai shagon unguwarsu ake zuwa, a tambayi liman ko yana ganinsa asuba, a tambayi maƙwabta yadda yake da uwarsa. Wannan kuwa don ana ganinsa a salula kullum, kowa ya ɗauka ɗan gida ne.

Auta: Sai bayan ta tare ta gano gidan na haya ne, motar ta ubangidansa ce, kuma ya taɓa aure sau biyu, ɗaya a Kano, ɗaya a Damagaram.

Kawu: Zan ɗan kare abokan sana'ata, ko da Hajiya za ta harare ni. Kuɗin mawaƙi kamar ruwan gulbi ne, ya cika ya tumbatsa, ya ƙafe a ga yashi. Bayan Sallah da lokacin kaka akwai bukukuwa. Azumi ya kama, shiru. Siyasa ce ke kawo babban kamu, kuma tun juyin mulkin Yulin 2023 babu gangamin jam'iyyu a ƙasar nan. Liƙin da kuke gani ana zubawa, akwai rabon mai kiɗa, ƴan amshi, mai kayan sauti, mai mota. Waƙar kanta kuwa, akwai hukumar haƙƙin mallaka, BNDA, a Yamai, amma waƙa a wurin mai cajin salula ake tura ta, mawaƙi ko dala ba ya gani. Ga shi dole ya ɗinka sabuwar shadda, don in an gan shi da ta jiya an ce ya karye.

Hajiya: Na ji. Rashi ba laifi ba ne. Amma wanda ya iya ɗinka shadda ya iya auna tiya biyu ta hatsi.

Auta: Hajiya, saurari wannan. Lokacin da aka rufe iyaka da Najeriya a 2023 yana Kano, ita tana da ciki. Ya ce hanya ta toshe. Har aka buɗe a Maris 2024 bai zo ba. Alhali maƙwabciyarta duk mako sai ta bi ta daji a kan babur ta je Jibiya ta dawo. Ta ce da dare takan kwanta ta buɗe TikTok ta gan shi kai tsaye, yana dariya, mata na turo masa furanni, ita kuma ta rubuta masa gas ya ƙare, saƙon ko buɗewa bai yi ba. Ranar suna ta bidiyo ya ga ɗiyarsa.

Hajiya: Jirgin ƙasan nan da ake ginawa daga Kano sai ya riga shi isowa.

Kawu: Kai, Hajiya.

Auta: Da ya dawo, salula uku gare shi, biyu ba a taɓawa. In ta yi magana ya ce masoya ne, su ne jarinsa. Ta shanye. Sai ranar nan a wani biki a Tibiri, tana zaune cikin mata, aka saki waƙarta. Kiɗan nan, baitin nan, da aka iso amshi sai ta ji sunan wata. Ta ce kofin lemon da ke hannunta ajiye shi ta yi a ƙasa, ta nemi takalminta.

Kawu: Allah ya yafe mana.

Hajiya: Ta yi yaji?

Auta: Sau biyu. Na farko innarta ta ce ta koma, mata nawa ke neman wannan ɗakin. Na biyu da kansa ya zo biko, da ƴan amshinsa, ya tsaya a ƙofar gida ya rera. Tsofaffi na share hawaye, wani ya ɗauka ya sa a Facebook. Ta ce ta yaya za ta ce ba ta komawa, gari duka ya ga yana roƙo? A ƙarƙashin bidiyon har da masu zaginta, wai ba ta gode Allah ba.

Hajiya: Kin gani? Sunan da ya hana a bincika shi, shi ya hana a saurare ta. Matar mai faci in ta ce ba a ciyar da ita, a yarda. Ita kuwa sai a nuna mata hoton mota.

Kawu: Yanzu me take tambaya?

Auta: Wata huɗu ke nan tana gidan gwaggonta. Ya ƙi saki, ya ƙi aiko da komai. An ce mata in ta nemi rabuwa sai ta biya duk abin da ya kashe tun daga goro.

Hajiya: Tsoratarwa ce ta yi yawa. Ni ba malama ba ce, amma na raka mata fada wurin alƙali ba sau ɗaya ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ci da sha da tufafi da wurin kwana suna wuyan miji. In ya kasa, alƙali yana ba shi wa'adi, in bai gyara ba yana iya raba auren. Haka in akwai cutarwa da shaidu. Khul'i daban ne, shi ne mace ta fanshi kanta, galibi da sadakin da aka ambata ranar ɗaurin aure. Ta je da waliyyinta, da maƙwabtan da suka ba ta rancen hatsi, su ne shaidunta. In an raba, ta karɓi takarda, kada ta yarda da ta baki.

Auta: Yarinyar fa? Ita ce tsoronta.

Hajiya: A littafi uwa ce ke da reno muddin ba ta sake aure ba, kuma ciyarwa na kan uba. A al'ada kuwa dangin uba kan zo ɗauka in yaro ya tasa. Shi ya sa a yi maganar a gaban alƙali tun yanzu, a rubuta.

Kawu: In ya sake zuwa da ƴan amshi fa?

Hajiya: Gwaggo ta fito ta ba su ruwa, ta ce ya dawo shi kaɗai da wansa, da rana.

Auta: A ƙarshen saƙon ta ce tana koyon ɗinki. Telan da ke kusa da su kullum sai ya kunna waƙar, tsohuwar, mai sunanta. Ɗiyar kuma da ta ji sai ta miƙe tana rawa.

Hajiya: Allah sarki. Kawu, ga wuta ta dawo, je ka kashe injin.