"Namukku tudangaam": yadda ake fara wasa a Malappuram

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Yau ina gundumar Malappuram ne, a jihar Kerala, kudancin Indiya. Wannan filin da kuke gani a bayana gonar shinkafa ce. An girbe, ƙasa ta bushe, samarin gari suka kafa turakun gora suka mai da ita filin ƙwallo. Bari in juya kyamara ku gani da kyau. Ga itatuwan kwakwa sun kewaye mu, ga masallacin da muka yi la'asar can gefen hanya.

Mutanen nan ƙwallo a jininsu take. A yawancin Indiya kurket ne sarkin wasanni, amma a wannan yanki ƙwallon mutum bakwai-bakwai ake ji da ita, wadda suke kira Sevens. Da rani ake manyan gasanninta, daga wajen ƙarshen shekara har zuwa watan Mayu, kafin ruwan damina ya sauko a Yuni. 'Yan wasa na zuwa daga Najeriya da Ghana da Laberiya da Kwaddibuwa, kuma duk baƙar fatar da ya shigo fili "Sudani" suke ce masa. Ni ma haka yaran can suke kirana, da fara'arsu.

To, abin da na kawo muku yau magana ce ta Malayalam, harshen mutanen Kerala, da nake ji kullum kafin a take leda. Idan an gama raba mutane, sai wani ya ɗaga murya ya ce: "Namukku tudangaam!" Wato mu fara. In ya so ya ce "kali tudangaam", mu fara wasa. Idan kuma tambaya ce, sai a ƙara "o" a ƙarshe: "tudangaamo?" Sauran su amsa da "sheri", ma'ana to, shi ke nan.

Ku saurari yadda ake furta ta. Wannan "d" ɗin ta tsakiya, naɗe harshe ake yi baya a sake shi, kusan yadda muke faɗin "r" a cikin ruwa ko rana. Shi kuwa "ng" ɗin ba a jin "g" a ciki, ta hanci yake fita, irin ƙarshen "can" da "nan". Kun ga ke nan harshen Bahaushe ya riga ya saba da rabin aikin. Inda ake son kula shi ne "kali". In ka naɗe harshe a kan "l" ɗin, wasa ka ce. In ka bar shi a miƙe, ka koma maganar fushi.

Amma wallahi "namukku" ce ta fi kama zuciyata. Wani dattijo mai sayar da shayi a bakin filin nan, wanda nake kira ikka, yadda Musulmin wannan yanki ke kiran yaya, shi ya zaunar da ni ya warware mini. A Malayalam "mu" iri biyu ce. Akwai "nyangal", mu ban da kai da ake yi wa magana. Akwai kuma "nammal", mu har da kai, kuma daga cikinta "namukku" ta fito. Mu a Hausa in mutum ya ce "mu fara", sai ka duba fuskarsa kafin ka san ko da kai ake. A nan kalmar da kanta take gaya maka. Ka yi tunanin baƙo da ya baro gida da nisa haka, yana tsaye a gefen fili bai san kowa ba, sai wani ya kalle shi ya ce "namukku". Ni dai abin ya taɓa ni ƙwarai, kuma ina ganin duk wanda zai zo karatu ko ƙwallo Kerala, da ita ya kamata ya soma.

Ikka, a ajiye mini sulaimani ɗaya sai an tashi! Sulaimani baƙin shayi ne da lemon tsami, ba madara, zan nuna muku shi a bidiyo na gaba. Ga shi can suna ɗago mini hannu, baya zan tsare yau. Ku gwada faɗinta da ƙarfi a inda kuke: na-muk-ku tu-dan-gaam. Zan miƙa wa yaron nan waya ya ɗauko mana wasan.