Ciwon da ke cin farin ƙwaƙwalwa a hankali

Assalamu alaikum mutanen Daura, ina kwananku. Yanzun nan na tashi daga aikin dare, ina bakin titi ina jiran bas, sanyin Ingila kamar ya tsaga ƙashi.

Shekaranjiya Inna ta kira ni. Ta ce, "Ɗiyata, ɗan kawunki ya fara jan ƙafa, harshe na sarƙewa, yau mako uku kullum abin gaba yake yi. Wasu sun ce shanyewar ɓarin jiki ce, wasu sun ce jifa." Na ce Inna, shanyewar ɓarin jiki farat ɗaya take kada mutum. Gabana ya faɗi, don na san ya ajiye maganinsa na ƙanjamau, gudun kada a gan shi a layin karɓa.

A sashen asibitin da nake aikin jinya na ga ciwon da ke lallaɓowa haka, likitoci na ce masa PML. Ƙwayar bairos ce ke kawo shi, mai suna JC, haruffan sunan majinyacin da aka fara samo ta a ƙwaƙwalwarsa a Amurka a 1971. Da yawanmu muna ɗauke da ita tun yarinta, tana kwance a ƙoda ba ta komai. Sai garkuwar jiki ta karye, kamar idan mai ƙanjamau ya ajiye magani, take haurawa ƙwaƙwalwa, ta kashe ƙwayoyin da ke yi wa jijiyoyi rufi. Ku ɗauki wayar lantarki da ɓera ya cinye robarta, haka saƙo ke ɓacewa tsakanin kai da ƙafa.

Ba a gane shi ta waya, ba a gane shi da ido. Sai an yi hoton ƙwaƙwalwa na MRI, a ɗebi ruwan ƙashin baya da allura a nemi ƙwayar. Kawu, na san wannan allurar kake tsoro. Don Allah ka bari a yi, ɗan kaɗan ake ɗiba.

Har yau babu maganin da ke kashe JC kai tsaye. Garkuwar ake tayarwa ta yi yaƙin da kanta, wato ya koma kan maganinsa a hannun likita. Wani lokaci da garkuwar ta farfaɗo ƙwaƙwalwa kan kumbura, jiki ya ƙara rikicewa. A nan ne 'yan uwa ke cewa magani ne bai karɓe shi ba, su watsar. Kada ku watsar, ku mayar da shi asibiti.

Gobe da asuba Yaya zai kai shi Katsina, na riga na tura kuɗin mota. Ku sa shi a addu'a. Ga bas ɗina nan ta iso.