Marayun Kibɗawa a kudancin Masar: inda karatu ke tsinkewa, da kuma aikin masu sa-kai

A ƙauyukan Minya da Asyut da Sohag, inda Kiristoci Kibɗawa suke da yawa, idan uba ya rasu, karatun yaro ne yakan fara girgiza. Ƙididdigar gwamnatin Masar ta 2017/2018 ta nuna kashi 66.7 cikin ɗari na mutanen Asyut suna fama da talauci. A gidan talaka, galibi uba shi ne kaɗai mai shigo da kuɗi.

Tsarin mulkin 2014 ya ce ilimi kyauta ne, kuma dole ne har ƙarshen sakandare. To ina gizo ke saƙa? Azuzuwa a cunkushe suke, malami ba ya iya bin kowa. Mafi yawan koyon ya koma lesin na kuɗi bayan an tashi. Matar da mijinta ya rasu ba ta da halin biya, sai ɗanta ya riƙa haye aji da haddar da bai fahimta ba. A 2019 Bankin Duniya ya ƙiyasta kashi 70 cikin ɗari na yaran Masar masu shekara 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su gane shi. Abin ya fi ciwo a aji uku na ƙaramar sakandare, domin makin wannan jarrabawar ne ke yanke ko yaro zai shiga sakandaren da ke kaiwa jami'a, ko ta koyon sana'a.

Ƙungiyar Coptic Orphans, wadda Nermien Riad ta kafa a 1988, ba ta kwashe yara zuwa gidan marayu. Tana barin yaro wurin mahaifiyarsa, ta haɗa gidan da ɗan sa-kai na yankin, wanda coci ya shaide shi, yana kai ziyara a kai a kai.

Aikin farko takardu ne: shaidar haihuwar yaro, da ta rasuwar uba. Idan babu su, ba rajistar makaranta, ba fanshon uwa. Akwai kuma tallafin Takaful na gwamnati da aka fara a 2015, wanda sharaɗinsa yaro ya halarci kashi 80 cikin ɗari na ranakun makaranta. Yawan fashin makaranta kan jawo wa gida asarar wannan kuɗi, uwa kuma ba lallai ta san dalili ba.

Sai gwajin karatu. Mai sa-kai da ya san aikinsa ba ya miƙa wa yaro littafin ajinsa, don ya riga ya haddace. Sabon rubutu mai sauƙi zai ba shi, ya saurari inda harshensa ke sarƙewa, daga nan a fara gyara, ko da daga haruffa ne. Kuɗin taimako kuwa ana ɗaura shi a kan abu takamaimai, kamar lesin, yunifom da littattafai. Idan aka miƙa shi haka kawai, bashi da magani za su cinye, kuma ba laifin uwar ba ne.

Dogon hutun zafi shi ne lokacin haɗari. Yaro ya shiga leburanci ko tuƙin keke mai ƙafa uku, ya ɗanɗani kuɗi, ya ƙi komawa. Yarinya kuma a fara maganar aurenta, alhali dokar 2008 ta hana rajistar aure kafin shekara 18. Shi ya sa ya kamata ziyara ta ƙaru a watannin hutu, a zauna da uwa da baffanni tun kafin a buɗe makaranta a watan Satumba.