Daga Kobe: Homare Sawa da shekarun da suka gabaci minti na 117

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Yau na fito da kyamarata zuwa unguwar Misaki da ke birnin Kobe, kuma wannan ginin da kuke gani a bayana shi ne filin wasa na Noevir. Masu dogon tunani a cikinku za su gane shi da tsohon sunansa na Kobe Wing, domin a nan ne Najeriya ta kara da Suwidin ranar 7 ga Yunin 2002, inda Julius Aghahowa ya ci ƙwallo da ka ya yi ta alkafura, kafin Henrik Larsson ya zura mana biyu a tashi 2 da 1. Amma ba wannan tsohon mikin ne ya kawo ni ba. Filin nan gida ne ga ƙungiyar mata ta INAC Kobe Leonessa, wadda a cikinta Homare Sawa, tsohuwar kyaftin ɗin ƙungiyar mata ta Japan, ta ƙarasa rayuwarta ta wasa, kuma a kanta nake son mu tattauna.

Abin da ya ja hankalina gare ta ƙaramin abu ne. Ranar da na fara zuwa kallon wasan mata a nan, na zauna kusa da wata dattijuwa da ta zo da jikarta, ta shimfiɗa ɗan tawul a kan cinyarta, ta buɗe akwatin abincinta na shinkafa da kifi, sannan ta ciro wata tsohuwar riga mai lamba 8 wadda launinta ya fara kodewa ta yafa a kafaɗa. Da na tambaye ta da ɗan Japanancin da nake iyawa ko rigar wace ce, sai ta dube ni kamar wanda ya tambayi hanyar masallaci a tsakiyar Kano, ta ce ta Sawa ce. A ƙungiyar ƙasa lamba 10 take sakawa, a nan Kobe kuwa lamba 8.

An haifi Sawa ranar 6 ga Satumban 1978 a Fuchu, cikin yankin Tokyo, kuma ta fara buga ƙwallo ne da yara maza, tana bin yayanta zuwa fili. Tun a 1991, tana ƙaramar yarinya, ta shiga Yomiuri Beleza, wadda a lokacin ita ce babbar ƙungiyar mata a ƙasar. A watan Disamban 1993, tana da shekara 15, ta buga wa Japan wasanta na farko, ta kuma zura wa Filifin ƙwallo huɗu a ranar. Wanda ya ji wannan farawa zai zaci daga nan sai hawa, alhali shekarun da suka biyo baya ne mafi wuya. Japan ta kasa samun gurbi a gasar Olamfik ta Sidni ta 2000, tattalin arziƙin ƙasar yana cikin matsi, kamfanonin da ke riƙe da ƙungiyoyin mata suka riƙa janye hannu ɗaya bayan ɗaya, 'yan wasa da yawa kuma sai sun yini a wurin aiki kafin su zo atisaye da dare. A cikin wannan hali Sawa ta tafi Amurka a 1999, ta fara da Denver Diamonds, sannan ta koma Atlanta Beat daga 2001, inda ta goga kafaɗa da matan da suka fi ta tsawo da ƙarfin jiki nesa ba kusa ba. Gasar ta Amurka ita ma ta ruguje a 2003 saboda rashin kuɗi, dole ta tattara ta dawo gida.

A ganina wasan da ya fi kowanne nauyi a rayuwarta ba shi ne wanda duniya ta fi sani ba. A watan Afrilun 2004, a babban filin wasa na Tokyo, Japan ta fuskanci Koriya ta Arewa domin neman gurbin Olamfik na Atina, kuma kowa ya san cewa idan aka sake rasa wannan dama, ƙwallon mata a Japan zai iya durƙushewa gaba ɗaya. Sawa ta shiga wasan da rauni a gwiwa, Japan ta yi nasara da ci 3 da nema. A wannan shekarar ce aka raɗa wa ƙungiyar sunan Nadeshiko, sunan wata fure da Japanawa ke siffanta mace da ita. A can Girka kuwa sun doke Suwidin, amma 'yan matanmu na Super Falcons suka ci su ɗaya mai ban haushi, abin da nake tuna wa abokaina na nan duk lokacin da suka fara cika mini baki.

Ga wanda yake kallon ƙwallo da idon basira, canjin da ya fi muhimmanci ya zo ne a 2008, lokacin da Norio Sasaki ya karɓi horar da ƙungiyar. Kafin nan Sawa tana buga wasa ne a gaba, dab da masu kai hari, inda ake cin ƙwallo ake samun yabo. Sasaki ya ja ta baya zuwa tsakiyar fili, gaban masu tsaron baya, ta yi aiki tare da Mizuho Sakaguchi. Ba kowace tauraruwa mai shekara kusan 30 za ta yarda a ɗauke ta daga inda ake tafa mata a kai ta inda ake ƙwace ƙwallo da tare hanya ba. Hikimar ita ce Sawa tana da hancin sanin inda ƙwallo za ta faɗo tun kafin ta faɗo, don haka idan ta ƙwace a tsakiya sai ta miƙa gajeren bugu ta bi da gudu daga baya, ta iso gaban raga a lokacin da masu tsaro suka shagala da wasu. A Olamfik ta Bejin a shekarar suka zo na huɗu, kuma a lokacin ne aka ruwaito ta ce wa ƙannenta a ƙungiyar duk wadda ta ji wuya a fili ta dubi bayanta.

Bayan ta sake yin kaka biyu a Amurka tare da Washington Freedom, inda ta yi wasa da Abby Wambach, sai ta zo Kobe a farkon 2011. Ranar 11 ga Maris aka yi girgizar ƙasa da igiyar ruwan da ta cinye garuruwan gabar arewa maso gabashin Japan, kuma wata uku da 'yan kai bayan nan aka tafi gasar cin kofin duniya a Jamus. Sawa ta ci Meksiko uku ita kaɗai, Ingila ta doke su 2 da nema, sannan suka haɗu da mai masaukin baƙi, wadda ita ke riƙe da kofin sau biyu a jere. Kafin wasan Sasaki ya nuna musu hotunan ɓarnar da aka yi a gida. A ƙarin lokaci Sawa ta ɗaga wa Karina Maruyama ƙwallo ta bayan masu tsaro, ita kuma ta jefa ta a raga. Suwidin ta biyo baya ta sha 3 da 1.

Wasan ƙarshe ya kasance ranar 17 ga Yuli a Frankfurt, da Amurka, ƙasar da Japan ba ta taɓa doke ta ba. Alex Morgan ta fara ci, Aya Miyama ta farke, Wambach ta sake sa Amurka gaba da ka a ƙarin lokaci. A minti na 117, saura minti uku a tashi, Japan ta samu kwana daga hagu. Miyama ba ta ɗaga ƙwallon sama ba, domin ta san a sama Amurkawa ne da rinjaye. Ta bugo ta ƙasa-ƙasa zuwa turken da ke kusa, Sawa ta rugo ta sha gaban mai tsaronta, ta shafe ta da bayan ƙafar dama, ƙwallon ta ɗan taɓa jikin Wambach ta wuce mai tsaron ragar Amurka Hope Solo. Na maimaita kallon wannan bugu ya fi a ƙirga, kuma har yanzu abin da ke ba ni mamaki shi ne gudun da ta yi kafin ƙwallon ta iso, ba taɓawar ba. A bugun fenareti mai tsaron raga Ayumi Kaihori ta tare biyu, Saki Kumagai ta buga na ƙarshe, aka tashi 3 da 1. Sawa ta ɗaga kofin a matsayin kyaftin, ta karɓi kyautar gwarzuwar gasa da ta wadda ta fi cin ƙwallo da guda 5. A watan Janairun 2012, sanye da kimono, rigar gargajiyar Japanawa, ta tsaya kusa da Lionel Messi a Zurik ta karɓi kyautar gwarzuwar duniya, wadda Marta ta Brazil ta riƙe shekara biyar a jere.

Abin da ya biyo baya zan taƙaita shi. Ta yi fama da ciwon jiri a 2012, ta warke ta samu lambar azurfa a Olamfik ta Landan, a nan Kobe kuma suka lashe gasar ƙasa a 2011 da 2012 da 2013. A 2015 ta je kofin duniya karo na shida, yawanci daga benci take shigowa, Amurka kuma ta rama da 5 da 2 a Vancouver. Ta buga wa Japan wasa 205, ta ci ƙwallo 83.

Wasanta na ƙarshe shi ne na ƙarshen Kofin Sarauniya, ranar 27 ga Disamban 2015, tsakanin INAC Kobe da Albirex Niigata. An daɗe babu ci, sai aka samu kwana a kashi na biyu, ita ce kuma ta tashi ta sa wa ƙwallon kai, aka tashi 1 da nema. Dattijuwar nan ta ce mini a talabijin ta kalla, kuma tun ranar ba ta sake sayen rigar wata 'yar wasa ba. Ga shi an fara buɗe ƙofofi, bari in nemi tikitina in shiga kafin layin ya yi tsawo.