Darasin direbobi: kafin taya ta taɓa rairayi

Assalamu alaikum masu saurare, musamman ƴan'uwa direbobi masu lodi daga nan Maraɗi zuwa Agadas ta Damagaram da Tanut, har a wuce Dirku ko Arlit.

Ruwa tukuna. Da bazara, a lissafa wa kowane mutum lita 8 zuwa 10 a yini, a ƙara na kwana 3 bisa kwanakin tafiya. A raba shi cikin bido-bido na lita 20, don in ɗaya ya huje kada a yi asarar duka. Na radiyata daban. Mai kuma, rairayi na iya ninka shan mota, to lissafin kwalta ba ya aiki can.

Yanzu taya, inda aka fi yin kuskure. Da kun sauka daga ƙasa mai tauri, ku rage iska zuwa kilo 1 da rabi a ma'aunin iskar taya. In rairayin ya yi laushi ƙwarai, har kusan kilo 1. Tayar sai ta baje, ta hau bisa yashi maimakon ta haƙa. Amma fa ban da gudu, ban da karya kwana da ƙarfi, kada tayar ta fita daga janti, wato ƙarfen da take zaune a kai. Kun hau tsakuwa? Ku tsaya ku mayar da iska. Wanda bai ɗauko famfo da ma'auni ba, bai shirya ba. Ku yi sammako, yashin asuba ya fi ɗaukar mota.

In ta kafe, ɗaga ƙafa daga totur nan take, ƙarin wuta binne ta yake. A sauke fasinja, a kwashe yashi gaban tayu huɗun da ƙarƙashin cikin mota, a cusa farantan ƙarfe, a ja a hankali da giya ta biyu.

In inji ya yi zafi, a fuskantar da motar iska, a bar shi yana silo. Kada a buɗe marfin radiyata, tururi zai tafasa fuska.

In kuwa ta mutu murus, kowa ya zauna wurin mota. A Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 arewacin Arlit, galibi mata da yara, bayan motocinsu sun lalace. A warwatse aka same su, sun fita neman rijiya. Mota ana hango ta daga nesa, mutum kuwa a'a. A kafa tampol a yi inuwa, a kira da Thuraya, wato wayar tauraron ɗan Adam. In kun ji ƙugin wata mota, ku ƙona safaya nesa da mai don baƙin hayaƙi, amma a sace iskarta tukuna, kada ta fashe.