Me Ya Sa Ake Ce wa Sarkin Maraɗi Sarkin Katsina?

Assalamu alaikum masu kallo. Wannan amon da ya cika muku kunne na kakaki ne, wurin kuwa ƙofar fadar Maraɗi ce da hantsin Sallah. Ku dubi dogaran can cikin ja da kore, ga dawaki sun sha ado har ba a ganin wuyansu, ga ƙura ta tashi. Amma ku kasa kunne ga maroƙin nan da ke gaba. Bai ce Sarkin Maraɗi ba. Sarkin Katsina yake kira.

Baƙo da yawa a nan yake rikicewa, musamman wanda ya shigo ta Jibiya da Ɗan Isa, wanda ɗazu-ɗazun nan ya baro Katsina da sarkinta a baya, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba. To, maroƙi bai yi kuskure ba.

Mu koma wajen 1807. Mutanen Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, ƙarƙashin Malam Ummarun Dallaje, suka ci birnin Katsina. Gidan sarautar da ke mulki tun zamanin Sarki Korau ya watse ya yi arewa. A Ɗankama aka sake gwabzawa, nan ma 'yan gidan sarautar ba su ji da daɗi ba, har ana ba da labarin cewa sarkinsu Magajin Halidu rijiya ya faɗa don takaici. Waɗanda suka tsira suka naɗa Ɗan Kasawa, suka fake a ƙasar Damagaram na wasu shekaru. Wajen 1819 Ɗan Kasawa ya dawo yamma ya zauna a nan bakin gulbi, inda a lokacin kurmi ne mai duhu, irin wanda doki ba ya ratsawa da gudu. Ga mai neman mafaka, babu ganuwar da ta fi wannan.

Abin lura shi ne, ba sabuwar sarauta suka zo kafawa ba. A ganinsu zango suka yi, gobe ko jibi za a koma gida. Shi ya sa suka taho da sunan, suka taho da muƙaman. Kaura, Galadima, 'Yanɗaka, Durbi, manyan nan huɗu da zaɓen sarki ke hannunsu, duk sarautun Katsina ne. In kun hau kabu-kabu kuka ce a kai ku 'Yanɗaka ko Limanci ko Maradawa, sunayen unguwannin kansu suna gaya muku wa ya zauna ina. Jikan Korau bai koma ba, amma fa ba don bai gwada ba. Ɗan Baskore, wanda ya yi fiye da shekara 20 a kan gado har zuwa wajen 1875, kusan rayuwarsa duka a kan sirdi ya yi ta, yana kai hari kudu. Daga baya Turawan Faransa da na Ingila suka ja iyaka a tsakani, aka wayi gari Katsina ɗaya tana Nijeriya, ɗaya tana Nijar.

Yanzu mu hau hanyar Yamai, tafiyar 'yan mintoci, mu tsaya Tibiri. Nan kuma Sarkin Gobir ne. Labarin kusan ɗaya ne, sai dai na Gobirawa ya fi nisa cikin rairayi. Tarihinsu na baka ya ce daga Azbin suka gangaro, suka zauna Birnin Lalle ta wajen Dakwaro, kafin su kai Alƙalawa, birnin Bawa Jan Gwarzo. Alƙalawa ta faɗi a 1808, Sarki Yunfa ya mutu a ciki. A 1836 Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa suka haɗa kai suka tari Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Gawakuke. Ranar ba ta yi kyau ba: Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda duk a filin suka kwanta. Bayan wannan ne Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tibiri, dab da Maraɗi, don in an taɓa ɗaya ɗayan ya ji. Ku lura da fuskar dattijon nan da ke zaune a inuwar zaure. Tsagen da ya taso daga gefen baki ya bazu zuwa kunne, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, shi ne shaidar Bagobiri. A fuskar yaran yanzu da wuya ku gan shi.

Akwai wata kujera da baƙi ba su cika tambaya a kanta ba, ni kuwa a ganina ta fi dawakin ban sha'awa. A Maraɗi Iya ake ce mata, a Tibiri Inna. Mace ce 'yar gidan sarauta, ba matar sarki ba, da gidanta da fadawanta. Ita ce uwar 'yan bori, kuma maganar mata a wurinta take ƙarewa. Yau malamai sun yi ƙarfi a garin, bori ya ja baya ƙwarai, wasu ma ba sa son a ambata shi. In za ku yi tambaya, ku yi ta da ladabi, kada ku shiga da kyamara a gaba.

Wani zai ce, to ina tsohon birnin? Ruwa ya ci. Gulbin Maraɗi da kuke gani rairayi fari fat da rani, har amalanke na ratsa shi, a 1945 ya yi ambaliyar da ta rushe garin da ke cikin kwari. Aka hau da mutane tudu, Faransawa suka yanka tituna miƙaƙƙu. Don haka wanda ya zo neman lunguna da soraye irin na Birnin Damagaram ko Agadas, ba zai same su haka ba. Sarautar Maraɗi a jikin mutane take, a rawani, a kirari, a yadda bafade ke zubewa ya kai gaisuwa.

In kun zo fada, ku nemi dogari ko wani bafade ya yi muku iso. Takalmi a waje. A durƙusa, a dunƙule hannun dama a ɗaga, a ce ranka ya daɗe, kuma kada ku jira sarki ya amsa da bakinsa, fadawa ne za su ce an gaishe ku. Ku riƙe 'yar canjin sefa saboda makaɗa da maroƙa, don wanda aka wasa bai ba da ko dala ba, kirarin da zai biyo baya ba zai so a ɗauka a waya ba. Lokacin zuwa kuwa, Sallah ƙarama ko babba in hawa kuke so. In yawo ne har tafkin Madarunfa ko arewa wajen Gadabeji, ku bari sai sanyi ya shigo, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma ku tambayi 'yan gari halin da hanya take ciki kafin ku tayar da mota.